Shirun Da Ke Tsakanin Minshari Biyu

Ba minsharinka ke hana ni barci ba, Haladu.
Shekara ashirin da ɗaya a Tudun Jukun,
na saba da shi kamar rurin tirelolin Kwangila.
Shirun ne.
Shirun da ke faɗowa a tsakiyar ƙara
kamar an ɗauke wuta ana cikin niƙa.

Sai in tashi zaune in ƙirga.
Goma. Sha biyar. Ashirin da bakwai.
Ƙirjinka na ɗagawa, cikinka na kokawa,
amma ko gashin hancinka ba ya motsi.
Can sai ka zabura da gurnani,
ka wawuri iska kamar wanda aka tsamo daga Galma,
ka juya, ka koma.
Gari ya waye in gaya maka,
ka dafe kai mai ciwo, ka ce mafarki na yi.

Gwaggo Ladi ta ce dannau ne,
ta aiko da turare da rubutu a gora.
Ka sha. Daren nan ma sai da na kai talatin.

Sai ran da gyangyaɗi ya sace ka a kan babur
gab da Ƙofar Doka, da rana tsaka,
ka dawo da gwiwa a saɓule,
sannan ka yarda muka nufi Shika.

Likitar, siririya mai tabarau, ta tambayi sana'arka.
Ka ce gyaran injin ban-ruwa, a lambunan Dakace.
Ta ce, to ai ka riga ni sani.
Tiyo in ya yi laushi, inji na zuƙa,
me yake yi?
Ka ce, manne kansa yake, ruwa ya tsaya.
Ta ce, maƙogwaronka ke nan.
Can sama babu ƙashin da ya tokare shi,
tsoka ce ke riƙe da shi a buɗe.
Barci ya yi nauyi, tsoka ta saki,
harshe ya zame baya,
hanɗa da hakin wuya su sauko.
In hanya ta tsuke, minshari.
In ta rufe ruf, shirun da matarka ke ƙirgawa.
Iska ta ja baya a jini,
ƙwaƙwalwa ta buga ƙararrawa,
zuciya ta zuba a guje,
ka farka farkawar da ba ka san ka yi ba,
sau arba'in kafin awa ta cika.
Ina hawan jini ba zai samu wurin zama ba?

Ta zagaya wuyanka da awo kamar tela.
Inci sha takwas.
Ta ce kitse na danne hanyar ta waje,
haɓarka gajera ce, wannan gadon gida ne.
Ga hanci mai toshewa, ga shekaru,
ga kwanciyar rigingine,
ga tabar da ka rantse mini ka bari.
Ka dubi silin.

Akwai na'urar da ke hura iska ta tokare hanya.
Muka ji kuɗinta, muka tuna halin wutar unguwarmu,
muka ce a ba mu lokaci, mun shiga adashi.

Kafin nan, na ɗinka goruba a bayan rigar barcinka.
Ka mirgina rigingine ta soke ka,
ka koma gefe kana ƙunƙuni.
Na rage man miya, na rage malmalar tuwo,
kana harara, ina kawar da kai.
Bayan asuba ka taka har bakin Kubanni ka dawo.

Jiya shirun ya zo.
Na fara: ɗaya, biyu, uku.
Ban kai bakwai ba iska ta wuce.
Na jira na gaba, na jira,
ban san sanda ladan ya kira ba.
Kai ka tashe ni, Haladu,
kana dariya, wai ni ma ina minshari.